Ƙwayoyin Gado da Mudun Kasuwa: Fasahar Inganta Iri da Abincin Hausawan Godomey da Zongon Kwatano

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda masu binciken iri suke amfani da ilimin ƙwayoyin gado wajen ƙara wa masara da rogo da gero da wake da ganyen miya amfani ga jikin ɗan Adam. Ta kuma auna abin da hakan yake nufi ga mutanen da ba su noma, awo suke yi a kasuwa, irin Hausawan Godomey da Zongon Kwatano. An dogara ne kan binciken da aka riga aka wallafa a kan Benin da Nijeriya da Nijar. Matsayar maƙalar ita ce aikin ɗakin gwaji ya yi nisa, amma ranar girbi ake auna nasararsa, alhali mai ci a birni ba ya samun hatsin sai bayan watanni, ya bi ta sito da mota da injin niƙa. Ɗan kasuwa da mai girki, waɗanda hatsin yake hannunsu a wannan tsakani, ba a cika sa su a lissafi ba.

1.0 Gabatarwa



Godomey yanki ne na ƙaramar hukumar Abomey-Calavi da ya haɗe da Kwatano, kuma ƙidayar 2013 ta nuna mazaunansa sun haura dubu 250. A unguwar Togoudo ta wannan yanki tashar Cibiyar Binciken Noma ta IITA take. Tashar ta yi suna wajen yaƙar ƙwarin amfanin gona da 'yan'uwansu ƙwari, aikin da ya ceci rogon Afirka a shekarun 1980 ya kuma jawo wa Hans Herren Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. A harabarta cibiyar shinkafa ta AfricaRice ta yi zaman hijira daga 2005 zuwa 2015, lokacin rikicin Kwaddibuwa. Gaba kaɗan ga Jami'ar Abomey-Calavi. Ke nan masana ba su yi wa wannan wuri ƙaranci ba.

Amma binciken lafiyar al'umma da aka yi a Benin a 2017 zuwa 2018 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa, kuma kashi 32 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ba abinci kaɗai ke jawo ƙarancin jini ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da babban kaso. Sai dai yaron da ya karya da koko, ya ci garin rogo da rana, ya kwana da tuwon farar masara, cikinsa ya cika amma jikinsa bai sami bitamin A da sinadarin ƙarfe da zinki yadda yake bukata ba. Wannan giɓi masu inganta iri suke ƙoƙarin cikewa tun daga cikin ƙwayar hatsin.

2.0 Kayan aikin

A bakin jama'a, da an ce an taɓa ƙwayar halittar shuka, abu ɗaya ake fahimta: an ɗauko wani abu daga wata halitta an cusa. Wannan hanya ɗaya ce kawai, kuma ba ita ta fi kawo abinci kasuwa ba.

Wadda ta fi aiki ita ce ta alamomin gado. Mai bincike yana haɗa auren iri biyu kamar yadda aka saba, sai dai ba ya jiran shuka ta nuna kafin ya san abin da ta gada. Da tsiro ya yi mako biyu ko uku, sai a huda ganyensa a ciri ɗan faifai wanda bai kai farce ba, a jefa a faranti mai ramuka 96, kowane rami da lambar tsironsa. A busar, a tatsi DNA, a sa a na'urar da ke ninka guntun da ake nema sau miliyoyi. Sakamakon yana fitowa a fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo, rukuni uku: waɗanda suka gaji halin daga uwa da uba, waɗanda suka gada daga ɓangare ɗaya, da waɗanda ba su gada ba. Kamar shaidar wuta ce a cinyar raƙumi, da ka gan ta ka san garken da ya fito. Na rukunin ƙarshe a tuge su, a ba sauran fili da taki.

Ga yadda abin ya kasance a masara. A 2008 aka wallafa binciken da ya gano cewa bambancin da ke cikin wata ƙwayar gado mai suna lcyE shi ke karkata launin masara zuwa ɓangaren da jiki ke iya mayarwa bitamin A. A 2010 aka gano ta biyu, crtRB1. Aikin wannan ta biyun shi ne juya sinadarin beta-karotin zuwa wani abu daban, don haka masarar da ta gaji nau'inta mai rauni sai beta-karotin ya taru a ƙwayarta. Duka nau'o'in nan suna cikin masarar duniya tun asali, ba a ƙirƙiro komai ba, gane su aka yi. Shirin HarvestPlus ya sa wa masu bincike mizanin maikirogiram 15 a kowane giram, alhali farar masara kusan babu komai a cikinta. Nijeriya ta saki irin farko mai ruwan lemo a 2012, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da nata, SAMMAZ 38 da SAMMAZ 39.

Rogo ma haka. Wani ɗan canji na harafi ɗaya a ƙwayar gado ta PSY2 shi ke sa saiwa ta yi rawaya. IITA da cibiyar bincike ta Umudike a Nijeriya sun saki iri uku a Disambar 2011, suka ƙara uku a 2014. A nan alamomin sun fi amfani, domin rogo sai ya kusa shekara kafin a tono shi a ga cikinsa. Amma alamomin sun tona wata matsala: a rogon Afirka, yawan rawaya yakan zo tare da yawan ruwa. Mai tuyar gari tana auna rogo da yawan garin da ya fito, ba da bitamin ba. In buhu ɗaya ya ba ta ƙasa da yadda ta saba, ba za ta sake saye ba, kuma tana da gaskiya.

Dashen ƙwayar gado daga wata halitta ana komawa gare shi ne idan halin da ake nema babu shi a dangin shukar. Shinkafar zinariya mai beta-karotin ta Ingo Potrykus da Peter Beyer, wadda aka bayyana a 2000, ita ce sananniya. Filifin ta amince a noma ta a 2021, kotu ta dakatar a 2024. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana ja-in-ja, ba ta zama abincin kowa ba. Sai sabuwar fasahar CRISPR ta 2012, wadda ke gyara harafi a wurinsa ba tare da an bar baƙon abu a ciki ba. Da ita aka kashe ƙwayoyin gado biyu da ke haɗa gubar rogo mai ɗaci, a ɗakin gwaji a Amurka. Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin irin wannan gyara a ƙarshen 2020. Har yau dai babu abin da ya iso kasuwar Dantokpa da ke Kwatano ta wannan hanya, don haka ba zan daɗe a kai ba.

3.0 Gasaya

Aikin da ya fi burge ni a wannan yanki a kan ganyen da muke rainawa aka yi shi. Gasaya tana fitowa da kanta a bayan gida da kan juji da damina, mata su tsinko su dafa su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ɗakin binciken iri na GBioS a Jami'ar Abomey-Calavi, ƙarƙashin Farfesa Enoch Achigan-Dako, ya ɗauke ta da muhimmanci tare da Jami'ar Wageningen ta Holan. A binciken da Dokta Deedi Sogbohossou da abokan aikinta suka wallafa a 2019, an shuka samfuri 76 da aka tattaro daga Afirka da Asiya, aka auna abin da ke cikin ganyen kowanne.

Abin da suka gani ya cancanci a tsaya a kansa. Gasayar Afirka ta Yamma gajera ce mai ƙananan ganye, tana da yawan bitamin E amma sinadaran da ke zama bitamin A ba su kai na wasu ba. Ta gabashi da kudancin Afirka doguwa ce, tana da yawan waɗannan sinadarai, bitamin E kuwa kaɗan. Bambancin bitamin E tsakanin samfuran ya kai ninki ashirin, na bitamin C ninki tara. Ma'ana, ganye biyu da ido ba zai bambance ba suna iya zama ɗaya abinci mai ƙarfi, ɗaya kusan ciko. A 2023 aka wallafa cikakken kundin gadon shukar, mai sanduna 17, a mujallar The Plant Cell. Da wannan kundi ana iya neman alamomin da za su ba da damar haɗa yawan ganyen ta gabas da bitamin E na tamu.

Dalilin da ya sa nake fifita wannan a kan shinkafar zinariya mai sauƙi ne. Ba sai an roƙi kowa ya ci gasaya ba, ba ta bukatar izinin hukuma, tana isa tsinka cikin 'yan makonni, kuma ana iya noma ta a lambunan gefen gari irin waɗanda suka cika Kwatano da Sèmè. Ganye ne kuma da ake ci ranar da aka tsinke shi, bai san sito ba. Acca ma an wallafa kundin gadonta a 2020, gero tun 2017. Abincin da aka daɗe ana yi wa kallon na talaka yanzu yana da taswira.

4.0 Gero da ƙarancin jini

Gwajin da ya fi kusa da mu a kan gero a Benin ɗin nan aka yi shi. A 2013 Colin Cercamondi da abokansa suka wallafa sakamakon ciyar da mata 20 masu ƙarancin sinadarin ƙarfe da tuwon gero iri-iri. Abin da jikinsu ya tsotsa daga gero mai yawan ƙarfe ya ninka na geron da aka saba sau biyu. A 2018 Nijar ta saki Chakti, irin geron da cibiyoyin bincike na ICRISAT ta Sadoré da INRAN suka fitar, mai kimanin miligiram 65 na ƙarfe a kilo, mai saurin nuna.

Gaskiya a faɗe ta: yawancin aikin wannan gero da haɗa aure da zaɓe aka yi shi, da taimakon na'urar haske mai auna ƙarfen da ke cikin ƙwaya, ba da alamomin gado ba. Ƙarfe a gero ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, da yawa ne kowace da ɗan kasonta, shi ya sa ake komawa ga hanyar da ke karanta dubban alamomi lokaci ɗaya ta yi hasashe. Wani abin lura kuma, Dhanashakti, geron da Indiya ta yi suna da shi wajen yawan ƙarfe, asalinsa daga iniadi ne, geron manoman arewacin Togo. Dukiyar tamu ce, wasu suka rigaye mu auna ta.

5.0 Abin da ake cirewa

Inganta abinci ba ƙari kawai ba ne, akwai cire cuta. A 2002 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa binciken da Yun Yun Gong da abokan aikinta, ciki har da masu binciken IITA na Kwatano, suka yi a kan yara 480 a Benin da Togo. An sami alamar gubar aflatoksin a jinin kashi 99 cikin ɗari, kuma yaran da suka tsumbure sun fi yawanta. A bincike na biyu, na 2004, an bi yara 200 a Benin tsawon wata takwas. Waɗanda suka fi guba a jini ƙarin tsawon da suka yi a wannan lokaci ya gaza na waɗanda suka fi ƙarancinta da santimita 1.7. Gubar tana tashi ne daidai lokacin yaye, sa'ad da yaro ya koma kan kokon masara da kunun gyaɗa. Fumfunar Aspergillus flavus ke haifar da ita, dafuwa ba ta kashe ta, kuma in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sosai.

Maganin da IITA ta fitar tare da Ma'aikatar Noma ta Amurka, Aflasafe, aikin ƙwayoyin gado ne daga tushe. A cikin fumfunar akwai dangogin da suka rasa wani yanki na gadon da ke haɗa guba. Da gwajin DNA ake tantance su, a zaɓi huɗu 'yan ƙasa, a shafa a jikin gasasshiyar dawa mai launin shuɗi, a watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure. Marasa gubar su mamaye gonar, masu gubar su rasa wuri. Gubar takan ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. An yi masa rajista a Nijeriya a 2014.

Sai wake. Tsutsar maruka tana cin furensa da kwansonsa, har manomi ya yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. A Samaru, ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ya fitar da SAMPEA 20-T, wanda aka saki a Disambar 2019, ɗauke da ƙwayar gado daga wata ƙwayar halittar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis (Bt). Feshi ya koma sau biyu. Mutanenmu sukan tambaya daga ina aka ɗauko abin da aka dasa, kuma tambaya ce mai kyau da ta cancanci amsa kai tsaye: daga ƙasa ne, ba daga dabba ba. A tashar Godomey kuwa, Dokta Manuele Tamò ya bi wata hanyar, ta sakin ƙananan zanzaro da ke kashe tsutsar. Ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya ba. Amma a lura, duka biyun a gona suke aiki. Ƙwaron da ke huda wake a buhu daban ne, kuma saboda shi ake zuba fiya-fiya a sito, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

6.0 Tsakanin gona da tukunya

A nan hujjar maƙalar take. Bahaushen Zongo ba manomi ba ne a Kwatano. Ɗan kasuwa ne, mai albasa, mai hatsi, mai dabbobi, mahauci, mai tsire da kilishi, matarsa kuma tana sayar da koko da ƙosai ko fura. Geron da take dakawa ya taso daga arewa, ya bi ta Malanville da Parakou, ya yi ɗaruruwan kilomitoci, ya sauka a gari mai gumi da danshin teku.

Mu bi masara mai ruwan lemo a wannan tafiya. Beta-karotin ba ya jure zafi da iska. Binciken ajiya ya nuna cikin wata shida a buhun da iska ke shiga kusan rabinsa kan tafi. Wanda ya ci masararsa a Nuwamba ya sami abin da masu bincike suka auna, wanda ya auna ta a Godomey a watan Mayu ya sami saura. Garin rogo mai rawaya ma yana kwantar da launinsa in ya daɗe a faranti cikin rana. Sannan ga ido: a kudancin Benin farar masara ake so don tuwo da akasa, farin gari mai ƙaras-ƙaras irin na Savalou shi ne mai daraja. A Nijeriya garin da aka soya da manja ya riga ya saba wa mutane da rawaya, a nan kuwa sai an yi aiki.

Gero matsalarsa akasin haka ce. Ƙarfe ba ya lalacewa a sito, amma ba a ganinsa. Dillali ba shi da hanyar bambance Chakti da sauran gero da zarar an sussuka, kuma tun a kasuwar ƙauye ake juye na manoma goma a buhu ɗaya. Abin da ba a gani ba a biyan kuɗinsa, wanda ba a biya kuwa manomi ba ya wahala a kansa. Haka masarar da aka yi wa Aflasafe: in an gauraya ta da wadda ba a yi wa ba, aikin ya tashi a banza.

Daga nan sai hannun mai girki. Ta jiƙa gero, ta surfa, ta wanke, ta kai niƙa, ta tace gasara, ta zubar da dusa ga awaki. Wani kaso na ƙarfen ya tafi da dusar. Amma jiƙon da tsamin da koko ke yi suna karya fitet, sinadarin da ke ɗaure ƙarfe ya hana hanji tsotsarsa, don haka abin da ya rage ya fi shiga jiki. In kuma aka kora da shayi mai kauri, kamar yadda ake yi a teburin mai shayi kowace safiya, shayin ya sake ɗaure shi. Duk wannan lissafi ba ya cikin takardar da ake cikewa ranar sakin iri.

Akwai misalin da ya nuna abin yana yiwuwa. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta yaɗa daga 2007 tare da Dokta Ibrahim Baoua na Maraɗi, ya karɓu saboda an kai shi kasuwanni an buɗe a gaban jama'a bayan watanni, kowa ya ga waken ba huda ba magani. 'Yan kasuwa suka ɗauki sayar da shi da kansu. Irin da aka inganta bai sami irin wannan gata ba.

7.0 Doka, da abin da ake nema

Benin ta dakatar da shigo da irin da aka yi wa dashe a 2002, ta sabunta a 2008, sannan ta yi dokar kula da wannan fanni a 2021. Nijeriya ta kafa hukumarta tun 2015. Taka-tsantsan ɗin ba laifi ba ne: Burkina Faso ta bar audugar Bt a 2016 bayan zarenta ya gajarce ya rage daraja. Sai dai buhun wake ba ya tsayawa karanta doka a kan iyakar Sèmè-Kraké. Abin da aka noma a Zariya zai iya isowa tukunyar Zongo, kuma mai ci yana da haƙƙin a gaya masa, da harshen da yake ji.

Saboda haka ina kira ga masu bincike na IITA da na Jami'ar Abomey-Calavi su riƙa ɗaukar samfuri daga mudun mai awo da kwanon mai koko, a watannin bazara, su wallafa abin da suka samu a gefen alƙaluman ranar girbi. Irin da ke riƙe bitamin ɗinsa wata shida a danshin Kwatano ya fi wanda ya fi shi yawa a gona ya zube a hanya, kuma wannan hali ne da za a iya nema masa alamar gado kamar kowane. Ga shugabannin Zongo da ƙungiyoyin masu hatsi kuma, ku ne kuka san manomi a arewa kuka san mai saye a kudu. Ku nemi a zauna da ku tun kafin a saki iri, ku nemi buhu mai shaida da gwajin aflatoksin a bakin sito, ku ware wa gero mai ƙarfe da masara marar guba nasu layin da nasu farashin.